Hannun da Madubin Mota Bai Nuna Ba

Akwai wani direba da abokan aikinsa suke kira Kibiya. Jama'ar wannan shafi, ku gyara zama, musamman ku maza masu riƙe sitiyari da hannu ɗaya kuna jin babu ya ku. Yau a kanku za mu sauka.

Motar wani kamfani yake ja, yana kai kaya garuruwa masu nisa. Laƙabin nan kuwa da guminsa ya same shi. Idan mutumin nan ya tayar da mota, to sai inda aka aike shi. In ba salla ba ce ko shan mai, ba ya taka birki don kowa. Direbobi su tsaya shan shayi, shi ya wuce su yana danna musu hon. A ganinsa tsayawa a hanya ragwanci ne.

Bayan wannan yana da wani abin tinƙaho na biyu. Duk sanda abokansa suka fara ƙorafin yadda yara suke hana su sakat a doguwar tafiya, sai ya gyara hula ya ce, "Ni yarana ba sa kuka a mota. Tuƙi ne ba ku iya ba. In ka iya tuƙi, ko jariri ba ya sanin ana tafiya."

Kuma gaskiya ne, ba sa kukan. Sau da yawa ya ɗauki iyalinsa a 'yar motarsa ta gida zuwa garin surukarsa, tafiyar da take cin rabin wuni, yaran suna baya tsit. Matarsa tana kujerar gaba. In ta ji shi yana wannan cika-bakin, sai ta yi murmushi ta kau da kai.

Sai Allah ya karɓi abinsa. Ciwon bai ja dogon lokaci ba. Ta rasu ta bar masa yara biyu. Babbar mace ce, ta ɗan haura shekara uku, ana ce mata Aku saboda bakinta ba ya hutawa. Ƙaramin namiji ne, bai daɗe da fara tafiya ba, ana ce masa Lukuti, kuma duk wanda ya ɗauke shi ya san dalili.

Ƙanwar Kibiya ta zo ta riƙe masa su na wasu watanni, har lokacin komawarta makaranta ya yi. Manajan kamfani, mutumin kirki, ya kira shi ya ce ya bar dogon zango ya dawo harabar kamfani yana tsara fitar motoci, kullum ya kwana a gida tare da yaransa. Kibiya ya ji maganar kamar zagi.

"Ni? In zauna a kujera ina ɗaga wa yaran da na koya wa tuƙi hannu suna fita? Haba ranka ya daɗe."

Ana cikin haka surukarsa ta kira shi a waya. Inna yake ce mata, kamar yadda marigayiya take kiranta.

"Ɗana, ka kawo min yaran nan. Kai kullum kana hanya, su kuma ba su kai a bar su ba. In dai ina da rai ba za su yi kukan maraici ba."

Ya ce to. Zuciyarsa ba ta so ba, amma ya lallashe ta da abin da kowa yake faɗa masa tun ranar rasuwar, wai namiji ba ya iya raino. Ya haɗa kayansu kaf, har da ɗan bargon da Lukuti yake tsotsar gefensa. Tafiya ce ta kai su ya dawo shi kaɗai.

Da sassafe suka fita. Ya ɗaure kowannensu a kujerarsa ta yara a baya, ya ajiye jakar fida da biskit a kujerar gaba, ya yi addu'a, ya sa giya.

Farkon tafiyar kamar a mafarki. Raɓa ba ta gama bushewa ba, gonaki suna fitar da wani siririn tururi, rana kuma tana leƙowa ta bayan itatuwa tana ɓuya. Aku ta manna goshi da gilashi tana gaida duk abin da ta gani.

"Sannu bishiya. Sannu wata bishiyar. Baba, shanun can su ma gidan Kaka za su?"

"A'a, su kiwo za su."

"Ba su da Kaka?"

"Suna da ita."

"To me ya sa ba sa zuwa gaishe ta?"

Kibiya ya yi dariya, irin wadda ya daɗe bai yi ba. Ya duba madubi, ya ga fuskoki biyu lafiya lau, ya ce a ransa ai ga shi nan, tuƙi ne.

Bai gama wannan tunani ba Lukuti ya fara.

Da farko ƙananan ƙunƙuni ne. Kibiya ya miƙa masa biskit, ya karɓa ya murƙushe a hannu ya watsar. Ya kunna rediyo, yaron ya ɗaga murya ta fi ta rediyon. Ya kashe, ya yi masa waƙar da ya ƙirƙira nan take, wadda ko ni da nake ba ku labari ba zan so a maimaita min ita ba. Lukuti ya buɗe baki gaba ɗaya, yana harba ƙafafu, yana kallon kujerar gaba.

Suna wuce wani babban gidan mai, mai banɗaki da inuwa da komai, sai Aku ta ce, "Baba, fitsari."

"Me ya sa ba ki faɗa ba tun muna can?"

"Lokacin bai zo ba."

"Riƙe shi, mun kusa."

Jama'a, ko kwatan hanya ba su ci ba. Amma bakin Kibiya ya saba, haka yake ce wa kowa. Can gaba kaɗan, cikin natsuwa Aku ta ce, "Baba, ba na jin shi kuma."

Ya fahimta. Ya gangara gefen titi yana huci. Ya canza mata kaya, ya shimfiɗa tawul a kujerarta. Da ya zo kan Lukuti ya ga shi ma ya yi nasa aikin, ya sa masa famfas gaba a baya, sai da Aku ta ce masa hoton zomon a gaba yake zama. Ya gyara. Duk yana yi yana kallon motocin da ya wuce ɗazu suna wuce shi, kowacce kamar tana yi masa gwalo.

Ya koma hanya, Lukuti ya koma kuka.

Rana ta ɗaga. Kwalta ta fara ƙyalli daga nesa, kamar an zuba ruwa a kanta, in an iso wurin a ga babu komai. Kukan ya cika motar har ya daina jin ƙarar inji. Kansa ya ɗau zafi. Bai san sanda ya daka tsawa ba.

"Kai! Ya isa haka! Me aka yi maka?"

Lukuti ya ɗauke wuta na daƙiƙa ɗaya, sannan ya dawo da wanda ya fi na da. Aku da ba ta taɓa jin wannan muryar a bakin babanta ba, ita ma ta fashe. Kunya ta kama Kibiya, ga haushi, ga tausayi, duk suka cakuɗe masa a ƙirji. Ya ce a ransa lallai mutane sun yi gaskiya, gara ya kai su inda za a iya da su.

Cikin harbe-harben ƙafa takalmin Lukuti ya cire, ya faɗo tsakanin kujeru. Kibiya ya hango wata babbar bishiya a gefen hanya, ya gangara ƙarƙashinta ya tsaya. Ko juyowa bai yi ba, don ba ya son ganin hawayen da shi ya jawo. Ya miƙa hannu baya ta tsakanin kujeru yana laluben takalmin.

Hannunsa bai sauka a kan takalmi ba. A kan ƙafar Lukuti ya sauka, 'yar ƙafa mai ɗumi, babu safa.

Kukan ya tsaya cak.

Kibiya ya ɗauka wani abu ne ya sami yaron, ya janye hannu ya juyo da sauri. Kuka ya dawo. Ya mayar da hannun ya kama ƙafar. Shiru. Sai ajiyar zuciya da yaron yake saukewa, ɗaya bayan ɗaya.

Aku ta goge hanci da bayan hannu ta ce, "Haka Mama take yi."

"Me take yi?"

"Tana riƙe ƙafarsa. In ya yi barci sai ta riƙe tawa."

"Yaushe?"

"In muna zuwa gidan Kaka."

"Har mu isa?"

Aku ta dube shi kamar wanda ya tambayi ko ruwa yana jiƙa kaya. Ta ce, "E mana."

Kibiya ya kashe mota da hannun hagu, na dama yana baya. Ya dubi kujerar gaba. Sai yanzu ya tuna yadda matarsa take zama, ta ɗan karkata gefe, mayafinta ya sauko ya rufe kafaɗa da hannu har zuwa tsakanin kujeru. Shi idonsa yana kan kwalta. In ya duba madubi fuskoki kawai yake gani, madubi ba ya nuna ƙafafu.

Ba a daɗe ba kafaɗarsa ta fara zugi. Zugin ya gangara gwiwar hannu, yatsunsa suka fara mutuwa. Shi da bai yi ko tsawon shan kofin shayi a haka ba. Ita kuwa rabin wuni take yi, a kan ramuka da gargada, mota tana gudu ba ta tsayawa. Ya tuna duk sanda suka isa, takan fito tana murza kafaɗa, shi kuma ya tsokane ta ya ce wanda ya yi tuƙi bai gaji ba sai wadda aka ɗauko. Takan ce, "Ai kuwa dai," ta ɗauki yaro ta shige.

Hawaye suka zubo masa. Bai goge ba, don hannun da zai goge da shi yana da aiki.

Ya sauke gilasai. Iska mai sanyi ta ratsa motar, ganyen bishiyar yana motsi, inuwarsa tana yawo a kan fuskokin yaran. Can nesa wata tattabara tana kuka a hankali. Lukuti ya yi barci da bargonsa a baki. Kibiya ya matsar da hannu ya kama ƙafar Aku, ita ma idonta ya fara lumshewa. Shi kansa bai san sanda gyangyaɗi ya ɗauke shi ba.

Sai ya ga kamar motar tana tafiya, amma babu ƙarar inji, babu girgiza. Hanyar ta yi fari, itatuwa suna wucewa sannu a hankali kamar masu rakiya. Matarsa tana zaune a gefensa da mayafin nan nata, tana kallon gaba.

Ya ce mata, "Me ya sa ba ki taɓa cewa in tsaya ba?"

Ta ce, "Na ga kana jin daɗin tafiyarka."

"Amma hannunki fa?"

"Hannu ne, yana warkewa."

Ya so ya ce ta yafe masa, bakinsa ya yi nauyi. Ta juyo ta dube shi, babu fushi a fuskarta ko kaɗan. Ta ce, "Inuwar nan da daɗi. Sau nawa muka wuce ta?"

Ya buɗe ido. Jakar fida ce a kujerar, wani busasshen ganye ya faɗo a kanta. Yaran suna barci. Hannunsa ya mutu murus, sai da ya ɗago shi da ɗaya hannun.

Ya tayar da mota a hankali kamar ɓarawo, ya hau titi. Sun yi tafiya mai ɗan nisa lafiya, sannan Lukuti ya farka ya fara neman abin da ya saba. Kibiya, da yake hali ba ya fita rana ɗaya, ya ce bari ya haɗa biyun. Ya riƙe sitiyari da hagu, ya miƙa dama baya. Motar ta ɗan karkata, wata babbar mota da take tahowa ta danna masa hon mai tsawo wanda ya ji har cikin haƙoransa. Ya dawo da hannu da sauri.

Nan ya gane lissafin. Da su biyu ne a gaba, ɗaya yana tuƙi, ɗaya tana riƙo. Yanzu shi kaɗai ne. In zai yi tuƙi ba riƙo, in zai yi riƙo sai ya tsaya.

Ya tsaya.

Daga nan tafiyar ta canza salo. In Lukuti ya fara, sai ya nemi inuwa ya gangara, ya riƙe ƙafa har yaron ya natsu. In Aku ta ce fitsari, ko yanzu aka tashi, ya taka birki. Wani lokacin ma babu fitsarin, kawai ta ga fure ne tana son taɓawa.

A wata tsayawar suka sauka bakin wani tafki. Kibiya ya bi hanyar nan sau ba adadi, bai taɓa sanin akwai ruwa a wurin ba. Fararen tsuntsaye suna tsaye a cikinsa da ƙafa ɗaya, gajimare yana kwance a saman ruwan kamar auduga. Lukuti ya taka da ƙafafunsa masu gwame-gwame yana bin wata fara, ya faɗi zaune, ya yi dariya. Aku ta tsinci duwatsu ta cika wa babanta aljihu, ta ce na Kaka ne, kada ya taɓa.

Suka zauna a ciyawa suka ci ayaba. Lukuti ya tura wa babansa ragowar tasa a baki, wadda ya riga ya jagwalgwala da yawu. Kibiya ya cinye, wallahi ko yatsina fuska bai yi ba.

Da la'asar wani ɗan yayyafi ya sauko, rana kuma ba ta ɓuya ba. Waifa tana kai da kawowa a hankali, digon ruwa yana gangarowa a gilashi, Aku tana bin kowanne da yatsa tana ba shi labari. Ta yi ƙoƙarin kamo ƙafar ƙaninta don ta taimaki babanta, hannunta bai kai ba. Sai ta kama ɗan yatsansa na hannu. Kibiya ya ɗan karkato madubi ya gani, ya rage gudu don kada rami ya raba su.

Tafiyar rabin wuni sai da ta cinye wunin gaba ɗaya. Rana tana shirin faɗuwa suka tsaya a ƙofar gidan Inna.

Tsohuwar tana bakin ƙofa tun azahar, waya a hannu. Ta rungume jikokinta tana kuka tana dariya, tana shinshina wuyansu. Kibiya ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ɗana, lafiya? Kai da kake isowa kafin a sauke tukunya? Na ɗauka motar ce ta lalace."

"Motar lafiya take, Inna. Mun ɗan tsattsaya ne."

Ta dube shi da kyau, ta dubi rigarsa da ta sha ayaba da majina.

Ta gyara musu ɗakin da mahaifiyarsu ta tashi a ciki, ta sa sabon zanin gado. Kibiya ya shigo da jakunkunan ya jera a bango. Bayan yaran sun ci abinci suna wasa a tsakar gida, Inna ta kira shi gefe ta rage murya.

"Gobe da ka yi sallar asuba ka kama hanya, kafin su tashi. In suka ga fitarka ba za a kwashe lafiya ba. Za su yi kukan kwana biyu, su saba. Yaro ba ya riƙe abu."

Ya ce, "To, Inna."

Haka kuwa aka yi. Gari bai gama wayewa ba ya leƙa ɗakin. Aku ta yi ɗai-ɗai a gado, Lukuti ya cusa kai a cikinta. Ya tsaya yana kallonsu har ya ji in ya ƙara minti ɗaya ba zai iya fita ba. Ya ja ƙofa a hankali. Ya tura motar da hannu har bakin layi kafin ya tayar, don kada ƙara ta tashe su.

Hanya ta buɗe masa fes. Babu motoci, babu kuka, babu mai jin fitsari. Irin safiyar da yake so ke nan tun yana yaron mota, sanyi, kwalta babu kowa, inji yana amsawa. Ya taka totur.

Amma shirun motar ya yi masa nauyi. Ya duba madubi, kujeru biyu babu kowa, ɓarɓashin biskit a kansu. Wani abu yana tokare masa cinya, ya sa hannu a aljihu, ya ji duwatsun da aka ce kada ya taɓa. Ya wuce wata bishiya, ya ji bakinsa yana shirin ce mata sannu.

Babu wanda ya ce ya tsaya. Ya gangara gefen titi ya tsaya da kansa.

Ya daɗe a zaune, hannuwansa a kan sitiyari. Ya tambayi kansa gaskiya, shin raino ne ba zai iya ba, ko hanyar ce ba ya son bari? Jiya ya yi rainon, bai mutu ba. Famfas ɗin ma ya koyi gabansa da bayansa. Amsar ba ta yi masa daɗi ba, amma ya san ita ce.

Ya ɗauko waya ya kira manaja, ya ba shi haƙurin kiran sassafe.

"Ranka ya daɗe, aikin nan na haraba, an ba wani?"

"Ban ba kowa ba. Na san ka da taurin kai, na ce bari in jira."

"To ina so."

Ya juya kan mota.

Rana ta fara fitowa lokacin da ya shigo layin. Tun daga nesa ya hango ƙofar gidan a buɗe. Aku tana tsaye a bakin ƙofa da rigar barci, ta sa takalmanta na dama a hagu, na hagu a dama. A hannu ɗaya ta riƙe takalman ƙaninta, a ɗaya hannun tana jan bargonsa a ƙasa. Ba kuka take yi ba. Tana dai kallon hanya ne, irin kallon wanda ya tabbata za a zo.

Inna tana bayanta, Lukuti a kafaɗa.

Kibiya ya fito daga motar. Aku ta dube shi ta ce, "Baba, ka manta da mu."

Ya durƙusa a gabanta. Ya kama kafaɗunta.

"Ban manta ba. Mota na je juyowa."

"Ka daɗe."

"Na daɗe. Ki yi haƙuri."

Ta miƙa masa takalman ta ce ya sa wa Lukuti, ita ta gama shiri.

Ya ɗaga kai ya dubi Inna, kunya ta hana shi haɗa ido da ita. Ya san yaran nan su ne abin da ya rage mata na 'yarta, kuma ta gyara ɗaki da hannunta.

"Inna, ki gafarce ni. Na yi miki alkawari, amma ba zan iya barinsu ba."

Tsohuwar ta goge ido da gefen zaninta. Ta ce, "Jakunkunan suna nan yadda ka ajiye su, ban kwance ko ɗaya ba. Tun da na ga rigarka jiya na ce bari dai gari ya waye mu gani. Ina son su, Allah ya sani. Amma uwa ta tafi musu ba da son ranta ba, bai kamata uba ya tafi da ƙafarsa ba."

Ta miƙa masa Lukuti. Yaron ya kwantar da kai a wuyansa, ya damƙe kwalar rigarsa da hannu biyu.

Inna ta ce, "Sai dai ba yau za ku tafi ba. Ku ba ni kwana biyu in ƙoshi da ganinsu. Kuma duk hutu ka kawo min su."

"In Allah ya yarda, Inna."

"To ku shigo, shayi yana hucewa."

Aku ta kama yatsan babanta ta ja shi ciki, tana taka takalmanta a karkace. Har suka zauna ba ta saki yatsan ba, da hannu ɗaya ta sha shayinta.

Darasi: Sau da yawa sauƙin da kake tinƙaho da shi ba ƙwarewarka ba ce, wani ne a gefenka yake ɗauke wahalar bai faɗa ba. Ka duba shi, ka gode masa tun yana raye. Kuma yaro ba saurinka yake buƙata ba, tsayawarka yake buƙata, don haka kada girman kai ya sa ka miƙa wa wani amanar da Allah ya ba ka alhali za ka iya riƙewa. Ku tura wannan labari ga duk uwa ko uban da yake raino shi kaɗai, ku ce masa sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana zuri'a.